Hamani Kafinta da Gitar Wansa

Shagon Hamani yana bayan tashar Madawa, kuma ƙarar zartonsa kan riga masu shayi tashi. Mutumin Galma ne, ɗan manoman gero, amma gona ba ta riƙe shi ba. Ya shigo gari yana saurayi, ya koyi aikin katako, ya yi shekara talatin da wani abu yana yin ƙofofi da gadaje da bencinan lakwal, wato makarantar boko. Yana da saurin fushi, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. In ka kawo masa kujera ka ce ya lallaɓa ta da ƙusa biyu, sai ya miƙo maka abarka ya ce ka nemi masu lallaɓawa. Mutane su yi ta mita a bayan idonsa, gobe kuma su dawo, don ƙofar da ya kafa ba ta cijewa da damina.

Gyaran gita kuwa ta dalilin wansa Safiyanu ya shige shi. Safiyanu ne ke kaɗa bas a orkes, ƙungiyar makaɗan garin, tun zamanin samariya, wato gitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ƙirji ke jin muryarta kafin kunne. Ja ce, a Sakkwato ya sayo ta, ya yi kusan shekara talatin yana yawon biki da ita, Buza, Keita, Deule, a bayan moto da saman kamyo, babbar motar kaya. Duk abin da ya same ta Hamani ke gyarawa. Da bazara ya sassauta tsirkiya kada zafi ya lanƙwasa wuyan. Damina na faɗuwa ya kwance wuyan ya duba, ya shafa ɗigon mai inda yatsu ke takawa, ya goge tsatsa. Kowane gyara sai ya rubuta shekarar da fensir a cikin ramin da wuya ke shiga jiki.

Da Safiyanu ya rasu, gitar ta zauna a ɗakin matarsa Zuhura, mai saƙar tabarmi. Ba mai kaɗa ta, amma Hamani bai fasa ba. Sau biyu a shekara yakan je da jakar kayan aikinsa, Zuhura ta dama masa fura, ya yi gyaransa suna tuna mamaci.

Bayan kaka, shekara shida da rasuwar, wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Wani mutum ya fito, bai wuce talatin da biyar ba, fes da shi, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hamani. Ya ce sunansa Imrana, daga Yamai yake, suna shirya zauren tarihin kiɗan ƙasa, kuma ba za a yi shi babu Safiyanu ba.

"Baba, ba mu son mu raba Hajiya da abin mijinta," in ji Imrana. "So muke ka yi mana irinta sak. Ba sabuwa ba. Da ƙujewar, da ƙunar, da tsatsar, duka."

Hamani ya ajiye zarto. "Mi kake faɗi haka? In yi abu sabo, in koma in ɓata shi da hannuna?"

"Haka ake yi yanzu a Turai, Baba. Mutum ya ba da aiki a yi masa sabuwar gita, a tsufar masa da ita. Har ta fi sabuwar daraja."

"To ka tahi Turai su ɓata maka."

Imrana bai tafi ba. Ya zauna a kan benci ya yi ta magana a hankali, yadda za a rubuta sunan Safiyanu a bango da hotonsa, ƴan lakwal su zo su gani. Nan ne ya kama Hamani. Tun rasuwar yake jin haushin yadda garin ya manta da wansa, ko a rediyo ba a sa kiɗansa. Washegari ya je ya gaya wa Zuhura, ta yarda ya ɗauki gitar zuwa shago don ya riƙa kallo yana kwaikwayo.

Imrana ya aiko da ƙarafa da tsirkiya da wayoyin lantarki daga Yamai. Hamani ya fito da wani busasshen madaci da ya daɗe yana ɓoyo, ya sassaƙa jiki da wuya, ya goge, ya shafa jan fenti har sau biyar. Ranar da ya gama, gitar na ƙyalli kamar a lasa. Ya rataye ta kwana uku yana kallo, ya kasa taɓa ta. A na huɗu ya ɗauki yashi da tsumma ya fara cinye fentin daidai inda damtsen Safiyanu ya cinye na waccan. Ya karce bayanta da kan bel, kamar yadda bel ɗin wansa ya yi shekaru yana yi. Ya jiƙa ƙarafan a ruwan gishiri har suka yi tsatsa, ya shafe katakon da ya fito fili da baƙin shayi, ya rataye ta a madafin matarsa ta sha hayaƙi sati biyu. Shi da bai taɓa shan taba ba, ya sayi kara ɗaya ya ƙona kan gitar inda Safiyanu kan maƙale tasa. Duk wannan aikin da zagi ya yi shi. Maƙwabta suna jin sa yana faɗa shi kaɗai, yana tsine wa Turai da masu son tsufan ƙarya.

Amma aikin ya yi. Kabiru, tsohon mai ganga na orkes, wanda ya yi shekara ashirin yana zama a bayan Safiyanu, ya zo ya kalli biyun a jere ya kasa nuna ta gaskiya. Hamani ya ji daɗin wannan fiye da yadda ya nuna.

Imrana ya zo ɗauka ranar kasuwa. Ya ɗauki hotuna, ya yi ta yabo, ya sa kowace a jakarta. Daidai lokacin wani manomi ya iso da amalanke da ta karye cike da albasa, yana roƙon a taimaka masa. Imrana ya ce, "Baba, yi aikinka. Ni zan ajiye wa Hajiya tata, dama ina son in yi mata godiya." Hamani ya ɗaga masa hannu ya koma kan amalanke.

Bazarar shekarar bai je gyara ba, don da kansa ya sassauta tsirkiyar kafin a mayar. Ya dai lura Zuhura ta canza. In sun haɗu a hanya gaisuwarta gajera ce, ta daina aiko wa matarsa da komai. Ya ɗauka ciwon ƙafarta ne ya tashi. Da ruwan farko ya sauka ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo gitar, ta koma gefe ta ci gaba da saƙa. Babu fura.

Yana ɗaga ta ya tsaya cak. Ba ta kai nauyin da hannunsa ya sani ba. Ya kwance wuyan da sauri, ya leƙa ramin. Babu shekara ko ɗaya da fensir. Sabon madaci ne, jawur, da sawun kurfinsa a jiki.

"Yaya," ya ce, "wagga ba ta Safiyanu ba ce."

Zuhura ba ta ɗago ba. "Na sani."

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun ranar da anka kawo ta. Hayaƙin tuwo take wari. Tasa warin zuhwa tai da turare take."

"Kuma kinka yi shiru wata huɗu?"

Sai a lokacin ta ajiye kabar ta dube shi. "Wa ya yi ta? Wa ya zo ya ɗauki waccan? Wa ya turo baƙo ya maido mini wagga? Na ce ƙanen mijina ya saida abin ɗan'uwanshi, ba ni tona mishi asiri. Na bar shi da Allah."

Hamani ya miƙe tsaye. Ya tattara kayan aikinsa, ya bar gitar a kwance gida biyu a kan tabarma, ya fita. A shago ya ɗauki wata kujera da ya gama jiya ya buga ta da bango har ta tarwatse.

Ya kira lambar Imrana kwana uku, ba a ɗauka. Kabiru ya ce su kai ƙara. Hamani ya ce kafin takarda ta isa Yamai gitar ta tsallaka teku. Ya zauna ya danne zuciyarsa, abin da bai saba ba, ya aika saƙon murya cikin fara'a: an samu wata tsohuwar gita a Deule, ta wani makaɗi da ya rasu, iyalan suna son a yi musu irinta. A ranar Imrana ya kira. Bayan kwana biyu farar motar ta tsaya a ƙofar shago.

Yana shiga Hamani ya rufe ƙofa ya sa kwaɗo. A ciki akwai Kabiru, da mai unguwa, da Zuhura a kan benci, ga gitar ƙaryar a kan tebur. Imrana ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya yi ɗan murmushi, ya ce kuskure ne, jakunkunan ne suka yi kama.

"Wata huɗu kana kuskure?" Hamani ya daka masa tsawa. "Ka durƙusa ka ce mini Baba, ka sa na yi sata da hannuna ban sani ba! Ka sa matar wana tana kallona ɓarawo!"

"Baba, a yi haƙuri. Amma tsakani da Allah, mene ne bambancin? Ga wanda ya yi kiɗa da ita shekara ashirin bai gane ba. A can mutane ke ganinta kullum, a nan tana ɗaki tana cin ƙura."

Da Kabiru bai riƙe hannun Hamani ba, da gudumar da ya ɗaga ta sauka. Mai unguwa ya shiga tsakani, ya tambayi Imrana inda gitar take. Da ƙyar ya faɗa. Babu wani zauren tarihi. Tana bangon wani gidan cin abinci na abokinsa, inda baƙi ke zuwa. Mai unguwa ya karɓi makullin motar ya sa a aljihu, ya ce mota na nan, mai ita ma na nan, sai gita ta iso, in kuwa ba haka ba jandarma na kusa. Imrana ya kwana biyu a zauren mai unguwa yana buga waya. A rana ta uku motar Yamai ta sauke wani dogon kwali a tasha.

A gaban kowa Hamani ya buɗe. Ita ce, shekarun fensir na nan cikin ramin. Sai dai an huda jikinta wuri biyu an kafe ta a bango, an kuma fesa mata wani mai ƙyalli tun daga kai har ƙasa, har kan gurbin da damtsen Safiyanu ya cinye. Hamani ya daɗe yana shafa hudar da ɗan yatsa. Sannan ya ce wa mai unguwa, a hankali, ya ba mutumin nan makullinsa ya fitar da shi daga garin tun shi Hamani yana zaune.

Sati uku ya yi yana kankare ƙyallin da fasasshen gilashi, kaɗan kaɗan, don kada ya taɓa tsohon fentin. Hudojin ya toshe su da madaci, ya bar su fili bai shafa musu komai ba. Ta ƙaryar kuma ya goge ta tas har katako, ya yi mata koren fenti mai ɗaukar ido, ya ba Kabiru ya kai wa masu kiɗan biki na yanzu. Har yau ita suke kaɗawa, muryarta ma ba laifi. Tun daga nan mutum biyu sun zo daga nesa suna son ya tsufar musu da gita, don labarin ya bazu. Dukansu bai bar su sun gama magana ba.

Zuhura ta ba shi haƙuri a gaban mai unguwa, ta sake ba shi a gida, ta aiko da sabuwar tabarma mai zane, ya ce a ba yara. Matarsa ta yi masa faɗa, ta ce ko waye a matsayin Zuhura abin da zai zata ke nan. Ya ce ko waye ban da ita, don ita ta ga yadda ya wanke gawar Safiyanu da hannunsa.

Bana ma da ruwa ya sauka ya je da jakarsa. Ya zauna a zaure bai shiga ciki ba. Zuhura ta kawo gitar, ta kawo ƙwaryar fura ta ajiye kusa da shi, ta tsaya.

"Hamani, har yaushe za ka yi ta hushi da ni?"

"Ban sani ba, Yaya," ya ce, yana kwance wuyan. "Da kin zage ni ranar, da mun gama tuni."

Ta zauna a bakin ƙofa da kabarta. Ya ce ta matsa kaɗan tana tare masa haske. Ta matsa.