Igiyar da Na Gajarta a Tabkin Dakusa

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Dakusa, kuma har yau da na ga hadari ya haɗo sai zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa sama. Maiɗakina ta gaji da tambaya. Ta san gangar jikina ce kawai a unguwarmu ta Kara-Kara, hankalina na can bakin tabki.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aka sa lakwal, wato boko, har na zama malamin makaranta a Damagaram, ana ce mini Mushe, shi ya riƙe lambun gidanmu na bakin tabki, wanda ruwa ke haɗiyewa kowace damina. Sauran masu lambu sukan haƙura su koma gona sai kaka. Yaya Habu kuwa taurin kai gare shi. Ya ɗaure dammunan kara da ciyawar kacalla, ya jera manyan goruna a ƙarƙashi, ya shimfiɗa laka da taki a sama, ya shuka jan alayyahun nan da muka gada wurin Innarmu, wanda ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba. Ya kafa turke a ƙasan tabki tun ruwa bai zo ba, ya ɗaure abin. Mutane suka ce Habu ya koma noma a kan gado, saura matashin kai. Da ruwa ya cika, gadon ya tashi da shukarsa, masu dariya suka dawo roƙon ganyen miya.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba: igiyar. Doguwa ya bar ta, tana yawo a kan ruwa ba tsari. Ni kuwa mutum ne da ko layin 'yan makaranta ya karkace sai raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, wannan ai ta isa ɗaure raƙumi uku." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ba rago na ɗaure ba, Mushe. Bar masa wurin tashi."

Ya rasu farkon damina, alayyahu ya fara ganye. Bayan sadakar bakwai na shiga tabkin, ruwa iya gwiwa, na ce bari in gyara kada iska ta tafi da gadon. Na janyo igiyar, na ɗaure ta tamau a jikin turke, na hau mota na dawo gari ina jin na yi abin kirki. Sati bai cika ba aka tafka ruwa. Tabki ya hau, gadon ya nemi tashi, igiya ta riƙe masa kai. Ya kife, laka da shuka duk suka zube. Da 'yan'uwa suka tambaya na ce ruwa ne ya yi yawa. Ƙaryar da nake ɗauke da ita ke nan, kuma ita ke hana ni zama.

Yanzu ga masu proje na raya karkara suna yawo ƙauyuka suna koyar da noma a kan ruwa da bido-bido, jarkokin nan na roba, ana ba mutane takardar shaida. Cikin masu karɓa har da waɗanda suka yi masa dariya. Nakan ce da yana nan me zai ce? Ina jin ba zai ce komai ba. Zai zagaya ya duba tsawon igiyarsu, ya yi tsaki ko ya gyaɗa kai.

Watan jiya Zuwaira, matarsa, ta zo gari ganin likita ta sauka wurinmu. Tsakanina da ita wasan ƙanen miji ne, amma ranar ba wasa a fuskarta. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ƙullin tsumma. Irin alayyahu ne, ragowar wanda ya shuka.

"Da ruwa ya janye na ga ƙullinka a turke," in ji ta. "Yayanka bai taɓa ƙulli irin na 'yan lakwal ba. Na jira ka faɗa da bakinka, na ga za mu mutu ba ka faɗa ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. To, yau na faɗa, a gaban kowa.

Bai bar gida na siminti ba, bai bar suna a takarda ba. Abin da ya bari shi ne irin da bai cika tafin hannu ba, da magana ɗaya da na raina. Ban sani ba ko iri mai shekara bakwai zai yarda ya tsira. Na yayyafa kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma, ina leƙawa sau goma a yini, jiya na ga uku sun fasa. Allah Ya jiƙan Yaya Habu, Ya sa ya huta.

Da safen nan na je kasuwa wurin wani Bakano mai igiya. Ya ce, "Gaba nawa za a yanka, Malam?" Na ce ya yi ta aunawa, ni zan ce masa ya tsaya.