Yankakkiyar Mota a Bakin Igiya

Ko zan manta komai na aikin da na yi a shingen biyan kuɗin hanya na Matameye, wanda muke kira feyaj, ba zan manta da wata safiyar Lahadi ba, a shekarar farin nan da sojoji ke riƙe da ƙasa. Yau ga ni da furfura, amma abin bai daina ci mini rai ba.

Lokacin ni sabon ɗauka ne, an kuma ja mana kunne cewa duk wanda ya yanka wa babbar mota tikitin ƙarama, a gaban soja zai yi bayani. Aikin dai igiya ce tsakanin ganguna biyu, da rumfa, da takarda mai rukunin motoci: ƙaramar mota da kuɗinta, bashe mai buɗaɗɗen baya da nata, sannan bas da manyan motoci. Na haddace takardar nan kamar karatun allo, ina ta ji da kaina. Tsoro ne da girman kai suka haɗu mini, ni kuwa a lokacin riƙon amana nake kiransu.

Hantsi ya fara zafi sai ga wata tsohuwar mota ta nufo hanyar Ɗan Barto. Asalinta ƙarama ce, amma masu walda sun yanke bayanta an shimfiɗa katako. A kan katakon wani sa ne kwance, ƙafafu a ɗaure, ya rame har ƙashin bayansa na neman huda fata. Wani dattijo na zaune gefensa, ya dafa masa ƙaho.

Direban ya miƙo kuɗin ƙaramar mota. Na ce masa wannan bashe ce.

"Haba shef," in ji shi, wato shugaba, "duba takardunta mana. Ƙarama aka rubuta. Shekara nawa ina bin hanyar nan, haka nake biya."

"Ƙaramar mota ba ta ɗaukar sa," na ce. "Ka cika, ko ka koma gefe."

Bambancin bai wuce kuɗin shayi da burodi ba. Amma ya rantse ba zai ƙara ko dala ba, domin in ya biya yau, kullum haka za a riƙa karɓa. Ni ma na kafe. Ya janye motar gefen titi, cikin rana, don babu inuwa ko ɗaya a wurin.

Dattijon ya sauko ya zo rumfata. Ya ce daga wani ƙauye na wajen Kurni suke. Shanun huɗarsa biyu ne, ɗaya ya mutu wancan mako, wannan kuma ya daina tashi. In ya isa kasuwar bakin iyaka da ransa, mahauta za su saya, ya sami na hatsi. Ƴaƴansa suna Kano ci-rani shiru, jikoki da iyayensu mata duk suna wuyansa.

"Ɗana, abin da ke aljihuna na ba shi na mai. Ka taimaka, dabbar nan ba ta da sauran ƙarfi."

"Baba, ba da kai nake ba. Ka yi wa direbanka magana."

Haka ya yi ta safa da marwa tsakanina da direban. Ya koma ya cire babbar rigarsa ya yi wa san inuwa, ya zuba masa ruwan butarsa a baki. Ina ganinsa ta gefen ido ina yanka wa wasu motoci tikiti. Abin da ya fi yi mini ciwo yau shi ne, cikon nan yana aljihuna, har na taɓa shi da hannu. Sai na tuna direban zai ce ya yi nasara, na zare hannuna.

Gab da azahar dattijon ya dawo karo na uku. Mutum sa'an mahaifina ya durƙusa a gabana, bai ma fara magana ba muka ji matar da ke soya ƙosai a wurin ta ƙwala ihu: "Baba, sanka! A kawo wuƙa!"

Muka ruga gaba ɗaya. Kafin mai shayi ya iso da wuƙarsa san ya miƙe ƙafa, ido ya kafe. Da mai shi na kusa, da an yanka shi ko naman a sayar. Yanzu ya zama mushe, ba ci ba sayarwa.

Na koma na saki igiya ƙasa, na ce, "Ku wuce, Baba."

Ya dube ni, ba fushi ba zagi. "Mu wuce ina, ɗana?"

Muka taru muka ja mushen bayan titi. Dattijon ya sa rigarsa ya hau bayan motar shi kaɗai, suka juya inda suka fito. Ni da direban babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa.

Da la'asar shugabanmu ya zo, na tambaye shi rukunin irin waɗannan yankakkun motoci. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce ba su cikin takarda, in yanka musu wanda na ga dama.

Ban san yadda gidan dattijon nan ya kai damina ba, ko sunan ƙauyen ban tambaya ba. Abin da na koya shi ne, gardamar da mutum ke yi da sunan doka sau da yawa ta kansa ce, kuma wanda ba ya cikinta ne ke kwana da yunwa. Na ƙara shekaru a bakin igiyar nan, amma tun daga ranar, kafin in duba rukunin mota sai na leƙa abin da ta ɗauko.