Gafiyar da Ta Tsira a Duwatsun Roni

Wautar da na tafka ran nan ko yaro ba zai yi ba: na je haƙon gafiya ban toshe ramin baya ba. Kowa a Roni ya san ƙofa biyu take yi wa gidanta. Ni kuwa, ƙato da gemu, na durƙusa ina hura hayaƙi ta ƙofa ɗaya don in burge Baturen da nake yi wa girki.

Bajamushe ne, cikin masu haƙa rijiyar burtsatse da suka zo lokacin da kuɗin mai ya fara zuba, fari kuma ya cinye mana gero. Ya yi mini alkawarin in sun gama zai tafi da ni kudu. Na amsa, ban kuwa gaya wa mahaifiyata ba, wadda idonta ya mutu, ba ta da kowa sai ni.

Gafiyar ta ɓulla ta baya, kumatu cike da gyaɗa, ta shige duwatsu. Bature ya ce, "Entkommen." Na zaci zagina yake. Da Hausarsa mai ɗingishi ya fahimtar da ni cewa a yarensu gudu daban, wannan kalma daban. Ba a faɗarta sai ga wanda ya gudu kuma ya fita. Na ce ai mu ma muna da ita, har mukan ce gafiya tsira da na bakinki. Ya yi ta maimaitawa.

Don in rufe kunya na ci gaba da haƙa. Can ƙasa muka tarar da 'ya'yanta, ido bai buɗe ba, hayaƙina ya gama da su. Baturen ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce an raba ƙasarsu gida biyu da shingen waya, shi ya rarrafa ta ƙarƙashi ya fita. Ƙanensa na biye da shi, bai fito ba.

Ranar da motocinsu suka ɗaga na ɗora masa kayansa, na ce ba ni zuwa, wai basir ya taso mini. Arzikin kudu dai har yau a bakin mutane nake jin sa. Na zauna da tsohuwa har na kai ta makwancinta. A ranar dai, Baturen bai musa mini basir ɗin ba. Da mota ta tashi ya leƙo ta taga.

"Abokina, wadda ta fita kun yi mata karin magana. Na cikin ramin fa, me kuke ce musu?"