Baba Markus, Wanda Ya Ƙi Ɗaure Ƙafar Saratu

Ina cikin ja wa yara layin tsere da farar ƙasa a filin makaranta, Malam Sale mai kanti a bakin tasha ya tsayar da kekensa gefen shinge ya yafito ni. Ya ce direban motar Samaru Kataf ne ya bar saƙo a kantinsa, wai Baba Markus ya rasu da safe a gidan ƙaninsa bayan gajeriyar jinya. Ya yi mani ta'aziyya kamar mahaifina ne ya mutu, domin duk Kafanchan an san mu tare. Baƙin ciki kam na yi shi. Amma abin da ya fi cika mani ciki takaici ne, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai sake ni ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Markus shi ne mai kula da lafiyar 'yan wasa a makarantarmu, ni kuma Bitrus, malamin wasanni. A soja ya koyi wanke rauni da ɗaure shi, da yaƙi ya ƙare ya dawo gida aka ɗauke shi aiki. Sai dai a takardun ofis ba a san shi da wannan aiki ba. An rubuta shi cikin leburori, tare da masu yankan ciyawa, saboda haka kowa ya ga dama sai ya aike shi. Yau gidan waya, gobe kasuwa, jibi a ce ya je ya kama wa matar Firinsifal kaza. Mutumin da yatsunsa suka san kowane ƙashi a jikin ɗan Adam, haka muka mayar da shi.

Kullum kafin a buga ƙararrawa yana cikin fili, kai a sunkuye, da tsohon gwangwanin madara a hannu, yana tsintar ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba, yana cike ramukan da gara ta yi. Yaranmu ba da takalmi suke gudu ba. Na taɓa yi masa tsiya cewa ko kazar da ke neman tsaba ba ta kai shi kallon ƙasa ba, ya ce da ni, "Malam, yaro ba mota ba ne da za a canja masa taya. Ƙafa biyu Allah ya ba shi." Shi ke cika randar da ke gindin mangwaro, shi ke tilasta wa yara su miƙa jijiyoyinsu kafin na busa usur. Ya san wanda bai karya ba, ya san wadda zazzaɓi bai gama sakinta ba, kuma idan ya ce yaro ya zauna, to ya zauna. Akwatinsa na katako ba komai ciki sai aidin da auduga da almakashi da bandeji guda shida da yake wankewa yana shanyawa har suka yi launin ƙasa.

Babban faɗansa da mutanenmu a kan ruwan zafi ne. A nan, da zarar mutum ya yi targaɗe sai a ɗora tukunya, a tsoma tsumma a gasa wurin, a mulke shi da man zafi, a kira maɗori ya ja. Haka aka yi mani ina yaro, haka aka yi wa ubana. Baba Markus ya ce a'a. Sabon rauni ruwan randa mai sanyi yake so, da hutu, a ɗaga ƙafar sama, kuma kada kowa ya ja sai an tabbatar ƙashi lafiya yake. Iyaye mata suka sha kawo ƙararsa wai yana sa wa 'ya'yansu sanyin ƙashi. Shi dai abin da yake cewa, wuta ce ke ci a ciki, su kuma suna ƙara mata itace.

Yanzu sai in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara uku da suka wuce muna da wata ɗaliba, Saratu, 'yar manoman doya daga Godogodo. A gudun yadi ɗari huɗu da arba'in ban taɓa ganin kamarta ba, kuma a kanta muka sa rai za mu ci kofin gasar makarantu. Saura kwana uku a yi gasar, Firinsifal ya aiki Baba Markus tasha tun da sassafe ya jira akwatunan littattafai. Jirgin ƙasa ya makara, fili bai samu mai duba shi ba. Ni da nake nan ban duba ba. Saratu ta jefa ƙafa cikin rami, idon sawunta ya kumbura kamar gwanda.

Da ya dawo ya durƙusa gabanta, ya bi ƙashin da babban yatsa a hankali, har ya zo wani wuri da ta ƙwalla ƙara. Ya tashi ya ce wannan ba targaɗe ba ne, ƙashi ne ya tsage. A kai ta asibiti, kuma kada ta taka ƙafar sai bayan mako shida. Firinsifal ya tambaye shi a gaban yara ko a wace makaranta ya karanta likitanci. Uwar ɗakin kwanan 'yan mata ta tafi da Saratu ta yi ta gasa mata ƙafar kwana biyu, aka kawo maɗori daga cikin gari ya ja. Kumburin ya ɗan saɓe, yarinya ta cije ta taka, ta ce za ta iya. To me za ta ce, alhali makaranta duka ta zuba mata ido? Ni kuwa idona ya rufe da kofi, na rubuta sunanta.

Ranar gasa na kira shi bayan rumfar baƙi na ce ya ɗaure mata ƙafar tam. Ya rufe akwatinsa ya zauna a kai. "Malam, ka yi haƙuri. Ba zan ɗaure ƙafar da za a je a karya ba." Na yi masa magana mai zafi wadda ba zan maimaita ba, alhali a shekaru ya isa ya haife ni. Na tafi wurin malamin wata makaranta na aro bandeji, na ɗaure ƙafar da hannuna.

Ta yi rabin fili tana gaba. A lanƙwasar fili ta biyu ƙafar ta karye, har mu da ke bakin layi mun ji ƙarar. Kafin in motsa, dattijon nan ya riga ya isa. Ya tsaga murfin akwatinsa ya yi mata karan ɗori, ya goya ta a bayansa har bakin titi, ya tare motar itace zuwa asibiti. Ƙashin ya haɗe a karkace. Saratu ta gama makaranta, amma da ɗingishi take tafiya, kuma ba za ta ƙara gudu ba har abada.

Da mahaifinta ya zo daga Godogodo yana neman bayani, aka kira taron malamai. Firinsifal ya ce duba fili aikin Markus ne, ɗaure ƙafa ma aikinsa ne, saboda haka sakacinsa ne. Baba Markus yana tsaye a bakin ƙofa, domin ko kujera ba a ba shi ba. Ya dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai na yi gum. Aka cire shi daga wasanni aka mayar da shi sito yana auna dawa da wake, kuma a can ya ƙare aikinsa. Duk da haka kowace safiya sai ya gaishe ni ya tambayi iyali, wani lokaci ya ce in duba kusurwar yamma, gara tana son wurin. Wannan gaisuwa ta fi zagi ciwo a wurina.

A wurin jana'iza, bayan sujada, Firinsifal ya miƙe ya kira shi ginshiƙin makaranta. Haba! Ji na yi kamar in tashi in bar majami'ar. Amma da wane baki zan zarge shi? Saratu ma ta zo, ta tako daga titi har kabari tana jan ƙafa, ta gaishe ni da ladabi.

Da na je yi wa matarsa, Mama Rifkatu, gaisuwa, ta riƙe hannuna ta gode mani da zumunci. Ta ce ta san mijinta ba zai ɗaure wa yarinya karyayyar ƙafa ya tura ta gudu ba, kuma ta tambaye shi wanda ya yi har ta gaji. "Ya ƙi faɗa mani, ɗana. Ya ce mai shi yana da yara ƙanana, in aka kore shi me za su ci?"

Yara uku gare ni. Mama, ni ne. Ni na rubuta sunan Saratu, ni na ɗaure ƙafar, ni na yi shiru aka ɗora wa mijinki. Na roƙi Fasto ya bar ni in karanta wannan takarda a gaban ikilisiya ranar Lahadi, na kuma aika da irinta ofishin ilimi da gidan su Saratu. Abin da za su yi da ni, su yi. Takaicina shi ne na jira sai da ƙasa ta rufe kunnen da ya kamata ya fara ji.

Ubangiji Allah mai jinƙai ya karɓi bawansa Markus, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa a wurin da ba mai aikensa, ba mai raina shi. Allah ya ta'azantar da Mama Rifkatu da 'ya'yansa da jikoki, ya zama musu uba, ya tsare musu suna mai kyau da ya bari. Ya sauƙaƙa wa Saratu tafiyarta duk tsawon ranta. Ni kuma, Mama, ban isa in ce ki yafe mani ba. Idan kin samu zuciya, ki sa ni a addu'a. Amin.