Wa Ya Yi Jinyar Goggo Talatu?

Shekara goma ke nan da rasuwar Goggo Talatu, ƙanwar mahaifina. Har yau in na bi ta bayan asibiti na hangi hayaƙin murhun masu jinya, ita nake gani a tsugune tana fifita wuta da murfin kwano. Bana tunawar ta fi yi mini nauyi, domin dangi sun fara neman mai maye gurbinta, kuma ni suke kallo.

Mijinta ya rasu da wuri, ba ta haihu ba, sai aka ɗauka ba ta da abin yi. Duk wanda aka kwantar a danginmu, daga Kwandere har Keana, magana ɗaya ce: a aika wa Talatu. Sai ta naɗe tabarma, ta ɗauki tukunya da garin kunu, ta bar gyaɗarta ciyawa na ci. Ita ke wanke majinyaci, ta zubar da fo, ta bi layin magani, ta kwanta a ƙasa gefen gado. Likita ya leƙo ya wuce, sauran yinin nata ne. In an warke, a gode wa Allah, a gode wa likita, ita kuma a ce mata sannu.

Ina makarantar kwana ciwo ya kama ta, mahaifiyata ce ta ba ni labari daga baya. Da aka kai ta asibiti, nas ta dubi mazan da suka rako ta, ta ce, "To ina mai jinyarta? Ba ma ba da gado sai da macen da za ta zauna." Suka dubi juna. Wannan matarsa na jego, wancan tasa ta tafi cin kasuwar doya, mahaifiyata kuwa na fama da kakarmu da ba ta iya tashi. Suka mayar da ita gida, wai sai an samu mai zama. Kafin a samu ta cika.

Yanzu garin Lafiya ya zama babban birnin jiha, kuma a rediyo ana ta cewa za a haɗa awon ciki da rigakafi da ganin likita wuri guda, don talaka ya huta. Na yi murna, wallahi. Sai dai na kasa kunne ban ji an ambaci wadda za ta zauna gefen gado ba. An tsara komai bisa zaton kowane gida na da mace irin Goggo, wadda gonarta da barcinta ba a bakin komai suke ba. Da tana raye, na san murmushi za ta yi, ta ce, "Su haɗa ko su raba, 'yar nan, mu dai tabarma ce rabonmu."

Makon jiya Yaya Sani, ɗan Baffa Musa, ya zo gidanmu. Za a yi wa Baffa tiyata, ni kuma na samu gurbi a jami'a, ana gab da komawa.

"Ke kika gaji hannun Goggo," in ji shi. "Karatu ai ba gudu yake ba, ki ɗaga zuwa baɗi."

"Yaya, ɗakin maza za a kwantar da shi, kuma ku duk 'ya'yansa maza ne."

"Haba, ni da gemuna in ɗauki fo? Boko ya juya miki kai."

Ya fita ba sallama. Ina son Baffa, shi ya fara kai ni makaranta a keke, kuma raina bai daina suya ba tun ranar. Amma na san baɗin nan ba ta zuwa, domin bayan Baffa wani zai kwanta.

Goggo ba ta bar gida ko ɗa ba. Abin da ta bar mini shi ne yadda ake juya mara lafiya ba a fama masa ciwo ba, da yadda ake ba shi kunu ba a wulaƙanta shi ba, kuma ban taɓa jin ta ce sai hannun mace ke iyawa ba. Na aika wa 'ya'yan Baffa cewa ranar Asabar zan zo in koya wa duk mai so. Har yanzu ba wanda ya amsa. Ko sun zo ko ba su zo ba, ranar Litinin zan hau mota.