Baba Tocila da bindigar da aka cire wa jan zare

Manaja, kai ka cire jan zaren nan daga jikin bindigar. In ba kai ba ne da hannunka, to wanda ka aika ne, kuma duk ɗaya ne a wurina. Ni ce matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofar kamfaninku na gadi, uwar Dogo da kuka dakatar. Ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Amma ba don kai na zauna ba. Don Baba Tocila na zauna, mai duba bindigogin kamfanin, wanda kuka kora saura wata uku ya yi ritaya, bayan shekara talatin da ɗaya.

Shekara goma sha huɗu ina kallon mutumin nan. Kafin in sauke tukunya ya riga ya jingine kekensa. Tagar ɗakin makamai tana kallon rumfata, don haka na san aikinsa kamar yadda na san nawa. Zai shimfiɗa tsohon tawul a tebur. Kowace bindiga aka miƙo masa, sai ya fara buɗe ta ya tabbata babu harsashi, ko da mai ita ya rantse. Sannan ya ciro 'yar tocilarsa daga aljihu ya leƙa bututun, ya bi jikin ƙarfen da farce a hankali. Masu gadi suna tsokanarsa wai ya fi duba bindiga a kan yadda ya duba matarsa kafin aure. Shi kuwa sai ya ce, "Ita ai ba ta taɓa fashewa a hannun kowa ba."

Wata biyar da suka wuce kamfani ya sayo ƙananan bindigogi shida na gwanjo ta hannun surukin Manaja. Masu gadi uku sun shaida abin da Baba ya yi da su. Huɗu ya ce lafiya lau. Ta biyar ya ce sifirin ne ya gaji, a canza shi ta ci gaba da aiki, ta cancanci gyara. Ta shida ita ta fi kowacce sheƙi, baƙa wul kamar sabuwa, kuma ita ce ta tsayar da shi. Ya ce wa zai yi wa tsohuwar bindiga sabon fenti in ba yana ɓoye wani abu ba? Ya kankare wurin, ya jiƙa shi da kananzir, ya goge tas, ya barbaɗa garin alli, ya ce kowa ya jira. Can sai ga wani siririn layi ya fito a kan farin allin, daidai inda harsashi ke zama. Tsaga ce. Ya ce wannan ba ta gyaruwa, kuma duk ranar da ta ga dama za ta fashe a hannun mai riƙe da ita. Ya rubuta a takarda, ya ɗaura mata jan zare kamar yadda yake yi wa duk wadda ya kashe, ya cire allurar da ke dukan harsashi ya jefa a gwangwaninsa.

Bayan kwana biyu aka kwantar da shi a asibiti don aikin ido. Sati uku ba ya nan. A cikin satin nan uku zaren ya ɓace, takardar ta ɓace, bindigar ta koma ƙugun ɗana, wanda ke rakiyar motocin kaya a kan hanya.

Ranar gwajin harbi Dogo ya ja kunama, shiru. Ya sake ja, shiru. Aka buɗe, babu allura. Nan take aka ce shi ya cire ya sayar, aka dakatar da shi. Da labari ya kai wa Baba, sai ga shi da bandeji a ido, matarsa na riƙe da hannunsa. Ya ajiye allurar a teburin Manaja, ya ce, "Ni na cire, yaron nan bai san komai ba." Aka ce tsoho ne ba ya gani, ya lalata kayan kamfani, aka ba shi takardar kora. Dogo kuma har yau ba a mayar da shi ba, wai ana bincike. Binciken me, bayan ga allura a tebur? Ni dai ban gane ba.

Ba zan ɓoye ba, da zagi na je gidan Baba. Na same shi zaune a tabarma, ko sallama ban ƙarasa ba.

Na ce, "Malam, sati uku ɗana yana yawo a hanya da mataccen ƙarfe! Da ɓarayi sun tare su fa? Da me zai kare kansa, da tocilarka?"

Ya ce, "Zauna, Maman Dogo, ki sha ruwa tukuna."

"Ban zo shan ruwa ba."

"To zage ni a zaune, ƙafarki na ciwo."

Matarsa ta yi dariya, ni ma saura kaɗan. Ya sa ta ɗauko wata tsohuwar sifana ta kwance noti, ya miƙo mini, ya ce in duba ko da abin da ya same ta. Na juya ta, na ce lafiyarta ƙalau. Ya yi mata kananzir da alli a gabana. Muna zaune layin ya fito, siriri kamar gashi. Ya ce, "Irin wannan ne a bindigar. Da na bar allurar, ranar gwajin nan wataƙila da yanzu Dogo ba shi da yatsu, ko ido."

Na ce, "Da ka cire kuma?"

Ya ce, "Da na cire kuma, abin da kika faɗa ne. Na ɗauka jan zare ya isa, don shekara talatin ba wanda ya taɓa tsallake shi. Kullum sai na juya abin nan a raina, ban san wanne ya fi muni ba."

To ni ma ban sani ba. Na fito gidan nan ban san ko godiya zan yi ko kuka ba, har takalmina na bari sai da matarsa ta biyo ni da shi. Mutumin da ya bar ɗana ba makami shi ne ya bar masa hannunsa. Na juya maganar ta ko'ina, kaina ya ƙi ɗauka. Abu ɗaya kawai ya tsaya mini: shi bai ba Dogo bindigar nan ba. Wani ne ya ba shi.

Baba Tocila, kai ne ka taso daga jinya da ido ɗaya don kada a kira ɗan wata ɓarawo. Kai ne ka ce "ni ne" a ɗakin da kowa ke kallon ƙasa. Mai ido a farce, shekara talatin da ɗaya ba a taɓa ɗaukar kowa zuwa asibiti saboda bindigar da ta bi ta teburinka ba, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce maka sannu. Ka yafe mini zagin da na kawo maka. Na gode, Dogo ya gode, matarsa da 'ya'yansa sun gode. Ku kuma masu duba kayan da ran mutane ke rataye a kai, ko birki ne ko wayar wuta, ku yi irin nasa: in abu ya mutu ku ce ya mutu, ko na surukin wa ne.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. Masu gadi sun gaya mini an sa wa bindigar nan sabuwar allura, an sake mata fenti, an mayar da ita cikin sauran. Ba su san ko wacce ce ba, don duk an bi su da fenti iri ɗaya. Kullum da safe suna zuwa rumfata su ci abinci, ina kallon ƙugunsu ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ɗan wa ne ke ɗauke da ita yau? Baba ya gaya mini ƙarshen lambarta. Ban iya karatu ba amma na haddace: bakwai, huɗu, ɗaya.

Manaja, na sayi kananzir, na sayi alli, suna nan ƙarƙashin teburina. Ka fito da bakwai, huɗu, ɗaya ka ajiye ta a gaban masu gadi, a kira Baba ya gwada ta kowa yana gani. In layi bai fito ba, zan kwashe tukwanena in bar muku ƙofa har abada. In ya fito, ka yaga takardar korar nan, ka mayar da Dogo bakin aikinsa, sannan ka tsaya a gabanmu ka faɗi da bakinka wanda ya cire jan zaren.