Na Je Filifin Neman Gafarar Maigidana

Laraba: daga Gwale zuwa filin jirgi

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar Laraba na fito daga gidana a Gwale. Mutum uku ne a ƙofa: matata Hajiya Falmata, ƙanena Modu, da Ɗanlami mai a-daidaita-sahu. Jirgina sai ƙarfe ɗaya na rana zai tashi. Ɗanlami ya ce, "Baba Bukar, yanzu ko masu shara ba su isa filin jirgin ba." Na ce masa ya tayar da mashin, zaman jiran ni zan yi, ba shi ba.

Dalilin tafiyar biyu ne, zan faɗe su a jere. Na farko, ɗana Mustafa ya gama karatun jinya a garin Dagupan na ƙasar Filifin. Na biyu, Mista Ramon.

Shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, lokacin da malamai da likitocin Filifin suke da yawa a Kano, Mista Ramon ne mai gyaran firiji a wani asibiti. Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Da sana'ar da ya koya mini na yi aure, na gina gida, na ɗauki nauyin karatun Mustafa. Da zai koma ƙasarsu ya shirya cin abincin bankwana, ya gayyaci mu bakwai na ɗakin gyara. Sai magana ta zaga cewa karen maigadin asibitin ya ɓace, kuma ai mutanen Filifin cin kare suke yi. Ni na fi kowa ɗaga murya. Babu wanda ya je a cikinmu. Washegari ya tafi, ban raka shi ba.

Bara Mustafa ya gano 'yar Mista Ramon ta intanet, ta ce mahaifinta yana raye amma jiki ya yi rauni. Tun daga ranar nake lissafin watanni.

Alhamis: Manila

Mun sauka Addis Ababa, muka canza jirgi, muka ƙara tsayawa sau ɗaya a hanya. Na iso Manila ranar Alhamis da yamma. Agogonsu yana gaba da namu da awa bakwai, na gyara nawa tun a cikin jirgi.

A wurin binciken kaya wata ma'aikaciya ta buɗe jakata, ta ciro ƙunshin kilishin da na sayo a Agadasawa. Ta tambaye ni mene ne. Na ce nama ne busasshe, tsarabar wani dattijo. Ta ce doka ba ta yarda a shigo da nama ba. Ta yi magana cikin ladabi, kuma ita ce da gaskiya, don haka ban yi musu ba. Amma raina ya sosu, domin Mista Ramon yakan aike ni sayen kilishi duk Asabar. Ƙullin yaji kaɗai ta bar mini.

Mustafa yana jirana a waje. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar jama'a, na ji daɗin haka. Muka kwana a wani ƙaramin otal mai tsabta.

Juma'a da Asabar: Dagupan

Mun yi sallar Juma'a a Manila tare da Musulmin da suka zo daga kudancin ƙasar, muka ci shinkafa da kaza a shagon ɗaya daga cikinsu. Ƙarfe biyu da rabi muka hau babbar bas. Tafiyar ta ɗan haura kilomita ɗari biyu, gonakin shinkafa dama da hagu. Ƙarfe bakwai da kwata muka sauka.

Ranar Asabar aka yi bikin yaye ɗalibai. An kira sunan Mustafa, ya karɓi takardarsa, na gode wa Allah. Ba zan tsawaita a nan ba, hotuna suna wurin mahaifiyarsa.

Lahadi: gidan Mista Ramon

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin muka hau bas mai zuwa arewa ta bakin teku. Bayan awa biyu muka sauka, muka shiga babur mai akwati a gefe, wanda sai da na naɗe ƙafafuna a cikinsa. A hanya na ga maza zaune a benci, kwalabe a gabansu da ƙananan faranti. Mustafa ya ce abin da ke farantin suke kira pulutan, wato ɗan abin taɓawa da ake ci tare da abin sha: gyaɗa soyayya da tafarnuwa, hanjin kaza a tsinke, fatar alade, ɗanyen kifi da aka jiƙa a ruwan tsami.

Na ce, "Kare fa?"

Ya ce, "Baba, shekara huɗu ban gani da idona ba. Doka ta hana. Ana cewa wasu tsofaffi na ci a ɓoye, amma abokan karatuna idan ka ambata ransu ɓaci yake yi."

Ƙarfe huɗu saura minti biyar muka isa. Karnuka biyu ne suka fara tarar mu, ɗaya har da riga. 'Yar Mista Ramon, Lita, ta janye su, ta kai mu bayan gida. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro na gan shi a kujera, sanda a gefe, hannun hagu a kan cinya ba ya motsi. Abokansa biyu suna zaune da kwalabensu. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce da Hausa, "Bukar. Ka yi furfura."

Na ce, "Maigida, ina wuni?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ina gajiya? Ina Kano?"

Mustafa ne ya amsa masa. Mista Ramon ya yi wa abokansa magana da yarensu, suka kwashe kwalaben suka kai cikin gida, suka dawo da ruwan kwakwa. Ban roƙa ba. Ya tuna ba na zama inda ake shan giya.

Na tsara maganata tun a Kano, kashi uku, amma na farko kawai ya fito. Na ce, "Maigida, ranar da ka gayyace mu ba mu zo ba, ni na hana su. Na ce kare ka yanka. Na zo ka yafe mini."

Ya ce, "Na sani. Maigadi ya gaya mini da safe, bayan karensa ya dawo."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Rago ne. A Ƙofar Wambai na samo mahauci, ya yanka da bisimilla saboda ku. Na jera kujera bakwai. Na jira har magariba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma kada ka tafi da rabin gaskiya. Ina saurayi na ci kare, a kan tebur irin wannan. Mahaifina ma ya ci. Yanzu idan na faɗa, wannan yarinyar sai ta kore ni daga gidana, karnukanta a kan kujerata suke kwana."

Lita ta tambayi Mustafa me ya ce. Da ya fassara mata, ta ɗaga cokali ta nuna mahaifinta, abokansa suka yi ta dariya.

Ya ce, "To Bukar, ka ji. Za ka ci abincina ko ba za ka ci ba?"

Lita ta kawo gasasshen kifi, da gyaɗa, da ɗanyen mangwaro da gishiri. Ta ce a kan sabuwar ragar gashi ta gasa kifin, wadda alade bai taɓa hawa ba. Na wanke hannu, na yi bisimilla. Na ciro ƙullin yaji na barbaɗa, na gaya masa yadda aka yi da kilishinsa. Ya lashi yajin a yatsa, ya rufe ido. Muka ci a faranti ɗaya, ina cire masa ƙaya saboda hannunsa.

Na ce, "Maigida, ba ka ce ka yafe ba."

Ya ce, "Har yanzu sai an sa maka hannu a takarda. Na yafe. Ci kifi."

Daga nan ya shiga kiran sunaye. Ina Sani Dogo? Na ce ya rasu. Ina Garba mai walda? Ya rasu. Ina Isiyaku? Shi ma. Sannan ya ce wani lokaci da asuba yakan farka yana jiran kiran salla, sai ya ji zakara kawai. Ya ce shekara arba'in ba shi da wanda zai yi Hausa da shi, sai ya riƙa yi da kansa don kada ta gudu.

Ƙarfe shida muka tashi saboda bas ta ƙarshe. Ya matsa sai ya raka ni bakin ƙofa. Taku goma sha biyu ne, mun yi minti biyar. Ni ban raka shi ba a Kano, shi ya raka ni.

Dawowa

Ranar Talata muka taso ni da Mustafa, muka sauka Kano ranar Laraba ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana. Ƙarfe biyu na shiga gidana. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Lita, da Modu da ya riƙe shago.

Saura magana ɗaya. Cikin mu bakwai, uku sun rasu, ni na je. Saura Lawan, da Tijjani, da Malam Habu, waɗanda na rasa inda suke tun da aka watse. Mista Ramon ya haura tamanin, kuma na ga jikinsa da idona. Duk Asabar ƙarfe goma na safe, wanda ya yi daidai da biyar na yammarsu, Mustafa yana haɗa ni da shi ta waya a shagona na gyaran firiji. Mai karatu, idan kai ne ɗaya daga cikin ukun nan, ka zo. Idan ka san ɗayansu, ka kai masa wannan takarda yau, ka ce Bukar ne ya yi ƙarya, rago ne, kuma Maigida yana tambayarsa da sunansa.